Rijiyar da Na Tsallake

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Yau Oga ya tara mu a ofis tun ƙarfe takwas, mu duba-gari goma sha biyu na shiyyar Tarauni, har da waɗanda ba a ganin ƙeyarsu sai ranar taro. Ya ce tun ruwan da aka tafka ranar Alhamis, wanda ya cika kwatoci ya shiga gidaje, an kwashi mutum goma sha ɗaya daga Gyadi-Gyadi zuwa asibiti. Duk amai da gudawa. Ya ce kada wanda ya kira sunan abin sai an tabbatar daga sama. To, ni ma ba zan kira shi a nan ba, ko da yake littafina ne kuma babu mai karanta shi.

Aikin da aka ba mu mai sauƙin faɗa ne. Mu bi gida-gida. Duk rijiyar da ba ta kai taku talatin daga masai ba, a shafa mata jan fenti, a rufe ta, kada a sake ɗiba sai an gwada ruwanta. An ba mu fenti, an ba mu kulorin, an ba mu kwalaben gwaji guda shida. Shida, ga unguwa guda! Na yi magana, kamar yadda na saba, Oga ya ce in ina da masana'antar kwalba a gida in taimaka wa hukuma.

An haɗa ni da Malam Ashiru, wanda ya girme ni a aikin nan da shekara goma kuma bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Da aka karanto layukan da za mu bi, na ji sunan layin gidanmu a ciki. 

Laraba, 6 ga Agusta, bayan magariba

Rijiya tara muka rufe yau. Zagi kam na sha shi, amma ba baƙona ba ne. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki. Na zubar da ruɓaɓɓen nama a gaban mai shi, na sa an toshe shaddar wani alhaji da ya rantse zai sa a kore ni. A kasuwar Tarauni “Hadiza jan fenti” suke ce min a bayan idona, kuma gaskiya ina jin daɗin sunan.

Ta taran ita ce ta Madam Josephine, mai sayar da abinci a bakin layinmu. Ta fi shekara talatin a unguwar, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ƙawar Inna ce, ita ta zauna da ita a asibiti kwanakin ƙarshe, lokacin ni ina fama da tsohon ciki. Na auna daga rijiyarta zuwa masai, taku goma sha tara. Na ce, “Mama, ki yi haƙuri, sai na rufe ta.”

Ta ce, “Rufe mana, 'yata. Ai aikinki ne. In ba ki rufe ba ma ni zan yi fushi da ke.”

Autarta Akunna, 'yar shekara bakwai, ta biyo ni tana tambaya ko zan ba ta ragowar fentin ta yi lalle. Uwar ta kai mata dundu, muka yi dariya.

Daga nan sai ƙofar gidanmu.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Inna. Bayan arba'in ɗinta Baba ya sa aka haƙa rijiya a ƙofar gida, kusa da masallacin da yake limanci, ya ce sadaka ce a gare ta. Kowa ya ɗiba kyauta, masu garuwa su cika kurarsu, masallata su yi alwala. Rijiyar Inna Kulu, haka duk unguwa take kiranta.

Malam Ashiru ya taka daga bakin rijiyar zuwa bangon masai na masallaci, ina kallon ƙafarsa. Taku goma sha huɗu. Ya juyo ya dube ni.

Na ce, “Mu wuce, Malam. Wannan ni zan yi magana da mai ita.”

Muka wuce. Ba mu rubuta ta a takarda ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi

Na je gaishe da Baba kafin in tafi aiki. Na same shi a soro kan buzunsa, da littafi a cinya. Ya tsokane ni kamar kullum, wai “Malama duba-gari, yau gidan wa za a rushe?”

Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, “Baba, ciwon nan da ake yi, ana zargin ruwan rijiyoyi ne.”

“Ana zargi, ko an tabbatar?”

“Ana zargi.”

Ya miƙe da kansa, ya fita, ya ja guga, ya cika kofin silba ya dawo. Ya miƙo min.

“Dubi launinsa. Ya canza?”

“A'a.”

“Shinshina. Ya canza?”

“A'a, Baba.”

“Ɗanɗana.”

Ban ɗanɗana ba. Shi ya karɓa ya yi bismilla ya shanye a gabana, ina jin sautin haɗiyarsa. Ya ce, “Dije, ruwa in launinsa bai canza ba, ɗanɗanonsa bai canza ba, warinsa bai canza ba, mai tsarki ne. Tun ba a haifi kakan ogan naki ba ake karantar da wannan.”

Na ce akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Ya ce, “Na yarda akwai su, ai ni ba jahili ba ne. Ki kawo min shaida cewa suna cikin wannan rijiyar, ba ta wani ba. Rijiyar nan ba tawa ba ce, ta uwarki ce. Duk gugan da aka ja, ita ake rubuta wa. Kina so in yanke mata ladanta a kan zargi?”

Ni da nake tsayawa a tsakiyar kasuwa ina ƙure mahauta, sai ga ni ina wasa da bakin mayafina. Na ce masa Allah ya ƙara lafiya, na fito.

Juma'a, 8 ga Agusta, ƙarfe uku na yamma

Na yi abin da ban taɓa yi ba a aikin nan, na yi shi a ɓoye kamar ɓarauniya. Na jira maza suka watse zuwa masallacin Juma'a, layin ya zama ba kowa sai awaki. Na cika kwalbar gwaji ɗaya da ruwan rijiyar, sannan na zuba kulorin, har na ƙara a kan yadda aka tsara. 

Na dawo gida da sauƙin zuciya. Na ce ko ba a rufe ta ba, aƙalla na sami kwana biyu.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Ƙanena Kabiru ya kira ni. “Yaya, wai ke kika zuba wa rijiyar Inna magani?”

Ashe da Baba ya zo yin alwalar la'asar jiya ya ji warin. Ya ce ruwan ya canza, alwala ba ta yiwuwa da shi, kuma ba zai bar masallata su yi salla da alwalar da ake shakka a kanta ba. Tun da sassafe ya kira masu yasar rijiya. Suka yi ta kwashewa suna zubarwa a kwata har warin ya tafi. Kafin azahar sabon ruwa ya tsattsafo, garai-garai, ba wari, ba komai.

Kabiru ya ce, “Baba ya ce in gaya miki bai yi fushi ba, ya san da kyakkyawar niyya kika yi. Amma kar ki sake yi masa aiki a ɓoye.”

Wato maganin ne ƙazantar. Shi aka kwashe aka zubar. Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka, sai na zauna a bakin gado ina kallon bango har aka kira la'asar.

Lahadi, 10 ga Agusta, da safe

An sake yin ruwan sama. Taku goma sha huɗu.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan la'asar

Na kai kwalbar ɗakin gwaji. A jikinta na rubuta “rijiya ta goma, Gyadi-Gyadi”, ban sa sunan gida ba. Matar da ta karɓa ta nuna min kwalaben da ke gabanta, daga shiyyoyi huɗu, ta ce in dawo ƙarshen sati in Allah ya sa wuta ta zauna. Na ce mata na gaggawa ne. Ta ce, “Hajiya, nuna min wadda ba ta gaggawa ba a nan.”

Yanzu mutum talatin da huɗu ne. An kafa tanti a harabar asibiti saboda gadaje sun ƙare. Har yanzu ba a kira sunan abin ba.

Na biya ta layinmu a adaidaita, ban sauka ba. Jerin jarkoki daga bakin rijiyar Inna har kwanar layin. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ai dole, na rufe musu tara, saura ɗaya. Ni da hannuna na tattaro unguwa guda na kai ta wurin.

Kabiru ya ce Baba yana ta murna. Wai ya ce bana Inna ta samu.

Talata, 12 ga Agusta, da yamma

Yau na sauka. Madam Josephine tana cikin layin da jarka biyu, Akunna tana zaune a kan ta ukun tana kaɗa ƙafa.

Na ce, “Mama, nan kike ɗiba?”

“Tun ranar da kika rufe tawa. Ina zan je? Famfo ya fi wata bai kawo ba.” Ta yi dariya ta dafa kafaɗata. “Kuma na ce wa matan layin nan, duk wadda Hadiza ta tsallake, ku sha da ido rufe. Yarinyar da ba ta raga wa ni da na goya ta ba, wa za ta raga wa?”

Baba yana zaune a ƙofar soro, bai fi taku biyar daga inda muke ba. Ya ji ta, har ya yi murmushi.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, “Ki dinga tafasawa, Mama.”

Ta ce, “Na sha dai zan tafasa. Amma na wanke kwano ɗari biyu fa? Da na wanke salak? Sai dai in rufe shagon.” Layi ya zo kanta, ta ja jarkokinta gaba.

Ki dinga tafasawa. Abin da muke faɗa wa kowa a rediyo ke nan. Shi na ba matar da ta rufe wa Inna ido.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan magariba

Yau na nemi wanda zai yi min abin da na kasa.

Na fara da Malam Ashiru. Na ce ya ɗauki fentin ya je shi kaɗai, ni zan ce ban sani ba. Ya kalli takalminsa ya ce, “Hajiya Hadiza, Malam Lawan ne ya sallaci mahaifina. Shi ya ɗaura min aure. Ke 'yar cikinsa kin kasa, ni da wace fuska?”

Na je wurin mai unguwa. Ya saurare ni da kyau, ya ce maganata gaskiya ce, ya ce a wurin Malam ya yi karatu tun yana yaro. Ya ce in takarda ta fito in kawo masa, sai su je tare da dattawa. Kowa takarda yake jira.

Na je ƙofar ofishin Oga. Na san in na faɗa masa, kafin la'asar zai turo mota da mutum huɗu, su rufe ta a gaban jama'a, Baba yana tsaye. Zai kuma tambaye ni me ya sa ba ta cikin jerin ranar Laraba. Na tsaya a ƙofar har masinja ya tambaye ni ko lafiya. Na ce takarda na zo nema, na juya.

Ina jin kunyar kaina. Na rubuta shi a nan don in gan shi da idona.

Alhamis, 14 ga Agusta, da asuba

Maigidana Auwalu ya ce ina magana cikin barci, wai ina ƙirga wani abu. Ya ce in bar wa Allah, Juma'a ai gobe ce.

Alhamis, bayan la'asar

Yanzu mutum arba'in da bakwai. Mun yi feshi a gidaje shida. Mun raba gishiri da sukari na haɗawa a ruwa. Wata tsohuwa ta tambaye ni da wane ruwan za ta haɗa, na ce tafasasshe, ta ce itacenta duk ya jiƙe.

Juma'a, 15 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

Takarda ta fito. Matar ɗakin gwaji ta ce, “Wannan ta goman, ina fata tuni kun rufe ta?”

Na ce eh.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Ina cikin adaidaita da fenti a cinyata Kabiru ya kira. Na ɗauka zancen Baba ne. Ba Baba ba ne. Shagon Madam Josephine a rufe yake tun safe. Sun tafi da Akunna tun jiya da yamma, a kafaɗa yayanta Chibuike ya ɗauke ta har titi.

Na ce wa mai adaidaita ya juya zuwa asibiti, sannan na ce a'a, ya ci gaba. Sannan na sake cewa ya juya. Ya tsaya a gefen titi ya ce, “Hajiya, ki zaɓi ɗaya.”

Juma'a, bayan magariba

Na rufe ta.

Baba ya dawo daga masallaci ya same ni a tsaye a bakin rijiyar, na kori masu layi, wasu suna zagina. Ban durƙusa ba. Na miƙa wa Kabiru takardar ya karanta masa ya fassara. Ya saurara har ƙarshe, ya sa aka maimaita masa wuri ɗaya. Sannan na gaya masa zancen Akunna.

Ya zauna a kan dakalin masallaci, kamar an zare masa ƙashin baya. 

Ya ce, “Tun yaushe kika san haka za ta kasance?”

Na ce, “Tun ranar da muka auna.”

“Kin ce min ana zargi.”

“Haka na ce.”

“Dije, ni abin da na sani na faɗa miki. Karatuna a nan ya tsaya. Ke da kika san abin da ban sani ba, me ya hana ki ki ce min, Baba, yara za su mutu? Kin taɓa gaya min haka na ƙi ji?”

Ban taɓa ba. Na duba duk maganganun da na yi masa, babu wannan a ciki.

Shi ya riƙe murfin, Kabiru ya sa kwaɗo, ni na shafa fentin. Bai ja sallar magariba ba, na'ibinsa ya ja.

Asabar, 16 ga Agusta, da hantsi

Sun bar ni na shiga tantin saboda rigar aiki. Gadon Akunna na bakwai ne daga ƙofa. Na wuce ta sau ɗaya ban gane ta ba. Idanun sun faɗa, fatar hannun ta yamutse kamar ta tsohuwa. An sa mata ƙarin ruwa a ƙafa, don jijiyar hannu ta ɓuya.

Madam Josephine ta rungume ni. Ta ce na kyauta da na zo. Ba ta koma gida ba tun Alhamis, ba ta san komai ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, da rana

Akunna ta sha cokali huɗu bai dawo ba. Chibuike ya ce an yi mata addu'a a coci. Baba ya aiko Kabiru da fulas ɗin shayi, shi ya kasa zuwa.

Litinin, 18 ga Agusta, da safe

Ta buɗe ido ta ce tana son lemo. Likita ya ce ƙodar ce yake tsoro.

Litinin, da yamma

Yau daga sama aka kira sunan abin a rediyo. Motoci uku sun zo da tankin ruwa, da kwalaben gwaji katan-katan. Oga ya ce mu yi murna, taimako ya iso.

Talata, 19 ga Agusta, da azahar

Ba ta yi fitsari ba tun jiya.

Laraba, 20 ga Agusta

Ba zan rubuta yau ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan la'asar

Ba a ba su gawarta sun kai gida ba. Ƙa'idarmu ce, ni ma na sha karanta wa mutane ita a tsaye da takarda a hannu. Ma'aikatanmu ne suka shirya ta, su suka ɗauka, dangi suna kallo daga nesa. Chibuike ya so ya yi rigima, uwar ta riƙe shi.

Daga layinmu mutum biyar ne suka kwanta, huɗu sun dawo. Baba lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai bai yi ba, shi da ya fi kowa sha. Kabiru ya ce ba ya fita soro yanzu. Ya ce in ya fito zuwa masallaci ta ɗaya gefen yake zagayawa.

Ni kuma ina zuwa aiki. Ina auna taku, ina shafa fenti. Jiya na rufe bakwai a Unguwar Gano, babu wanda ya ji muryata ta yi rawa.

Litinin, 25 ga Agusta, da yamma

Duk wanda ya rasu da wannan ciwo, sai hukuma ta cika fom a kansa. Jami'i ya je gidan, ya zauna da dangi, ya yi tambayoyi, don a san inda abin ya fito. Malam Ashiru ya ce shi zai je. Na karɓe fom ɗin daga hannunsa.

Na sami Madam Josephine a tsakar gida kan benci, an jere tukwanen shago a kife. Matan cocinsu biyu suna gefe, da suka ga rigata suka shiga ɗaki. Ta rame. Ba ta rungume ni ba, ba ta kuma kore ni ba. Ta matsa ta ba ni wuri. Kwana biyar tana wucewa ta ƙofar gidanmu, ta ga abin da ke jikin rijiyar, kuma mutanen layi sun gaya mata sauran.

Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Na ce aiki ne ya kawo ni. Ta ce, “Yi aikinki.”

Suna. Shekaru. Ranar da ciwon ya fara. Sau nawa ta yi kafin a kai ta asibiti. Ta amsa duka, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi kuka ba. Inda kuke samun ruwan sha. Ta ce, “Kin sani.” Na rubuta.

Tambaya ta goma sha biyu na daɗe ina kallonta kafin in karanta. “Shin wani jami'in hukuma ya taɓa gargaɗinku cewa ruwan wannan wuri yana da haɗari?”

Ta juyo ta dube ni sosai, karon farko tun da na shigo.

Ta ce, “Rubuta eh.”

“Mama.”

“Kin ce in tafasa. Rubuta eh. In kika rubuta wani abu za su kore ki, su ja sunan Malam a rediyo. Tsohon nan ya zo nan jiya, ya durƙusa min a ƙasar nan, da rawaninsa. Ban so na gani ba. Uwarki ta yi min abin da ba zan manta ba. Rubuta eh ki tafi.”

Na rubuta a'a. A layin ƙasa, inda aka ce a bayyana dalili, na rubuta cewa jami'ar da ta duba layin ta auna rijiyar ranar shida ga wata, ta san ba ta cika ƙa'ida ba, ta bar ta a buɗe kwana tara saboda ta mahaifinta ce. Na sa sunana da lambar aikina. Na juya takardar na nuna mata.

Ta karanta a hankali, tana bin layin da yatsa. Ta miƙo min.

Ta ce, “To. Kin ji sauƙi yanzu?”

Na ce a'a.

Ta ce, “Ni ma haka.” Ta tashi ta shiga ɗaki, ta saki labule.